Kama da Wane Ba Ta Wane: Lissafin Zato a Shingen 'Yan Sanda

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ya san cewa daga Kwanar Ɗangora mota kan karkata ta nufi Tudun Wada, sannan ta kutsa dajin Falgore ta ɓulla ƙasar Doguwa. Ya kuma san shingayen jami'an tsaro da ke kan hanyar. Ba banza aka kafa su ba, domin a wajajen 2015 ɓarayin shanu da 'yan fashi sun mai da dajin mafaka. To, amma jami'in da ke bakin shinge ba zai iya caje kowa ba, tilas ne ya zaɓa. Da me yake zaɓa? Idan ya sauke mutum saboda rahoton da ya samu, ya yi aikinsa. Idan kuwa sanda da malfa da karin harshen Fulani ne kaɗai suka sa, ya shiga abin da masana ke kira zato bisa kama.

Mutumin Kano da ke ganin wannan matsalar makiyayi ce, ya tuna cewa da zarar ya haye kogin Kwara shi ne abin zato. A watan Yuni na 2014 sojoji sun tsare matafiya 486 'yan Arewa a Jihar Abiya bisa zargin Boko Haram. A watan Agusta na 2019 jami'an Jihar Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. Da aka bincika ba a same su da laifi ba, aka sake su.

Ina kuskuren yake? Yana cikin lissafi, kuma ɗan aji uku zai iya gano shi. Alal misali, a ɗauka cewa ɓarayi 20 ne ke bin wata hanya, 15 daga cikinsu masu shigar makiyaya ne. Jami'i zai ce kashi 75 cikin ɗari na ɓarayin makiyaya ne, kuma bai yi ƙarya ba. Amma a ɗauka makiyaya 10,000 ne ke bin hanyar. Ke nan 15 ne kawai ɓarayi cikin 10,000, wato sai an tsare kusan mutum 667 kafin a dace da guda. “Yawancin ɓarayin makiyaya ne” da “yawancin makiyaya ɓarayi ne” jimloli biyu ne masu kama da juna, amma tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. A halin nan kuwa, ɓarayi biyar ɗin da suka rage sun wuce abinsu cikin babbar riga, har ana ɗaga musu hannu.

Bugu da ƙari, zaton yakan ciyar da kansa. Inda aka fi cajewa nan aka fi samu, ko da laifin bai fi yawa a can ba. Sai ɗakin tsaro ya cika da jinsi ɗaya, sai kuma a nuna shi a ce ga hujja.

Ƙasar da aka fi auna wannan al'amari ita ce Amurka, saboda 'yan sandanta na rubuta tsayarwar da suka yi. A birnin New York an tsayar da mutane sau miliyan 4.4 tsakanin 2004 da 2012. Kashi 52 cikin ɗari baƙar fata ne, kashi 10 farare. Amma an fi samun makami a jikin fararen: kashi 1.4 cikin ɗari, alhali na baƙaƙen kashi 1.0 ne. Ma'anar wannan ita ce, ba a taɓa farar fata sai da dalili mai ƙarfi, baƙi kuwa ɗan ƙaramin zato ya isa. A 2013 mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke hukuncin cewa yadda ake gudanar da aikin ya saɓa wa tsarin mulki.

Akwai wata dabara mai ban sha'awa da Jeffrey Grogger da Greg Ridgeway suka fito da ita a 2006, wadda za a iya kira gwajin labulen duhu. Da rana ɗan sanda na ganin fuskar direba tun daga nesa, da dare kuwa ba ya gani. Saboda haka idan launin fata ba ya cikin lissafinsa, bai kamata faɗuwar rana ta canja komai ba. A 2020 masu bincike na Jami'ar Stanford sun nazarci tsayarwa kusan miliyan 100, suka tarar cewa kason baƙaƙen direbobi da ake tsayarwa yana raguwa bayan duhu ya shiga.

A Nijeriya doka ta riga ta yi magana. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuwa, a sashe na 54, ta ce launi da shekaru da aski da sutura, da ɗaukar wani jinsi a matsayin masu yawan laifi, duk ba su isa dalilin zargi ba. Wannan ya shafi saurayi mai tara gashi a cikin birni kamar yadda ya shafi makiyayi a Falgore.

Sai dai zato ba ya tsayawa a hannun mai kaki. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga sun tare motar wasu mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. Aka ga bindigogin farautarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe 16. Akasarinsu mutanen ƙaramar hukumar Bunkure ne, a nan kudancin Kano.