Harsashi Kafin Gini: Kwarangwal ɗin Sabar

'Yan uwa ɗaliban Poli ta Tarayya da ke Daura, kusan duk manhajar furojet tana da ɓangaren baya, wato sabar da ke adana bayanai. Ni dai kwarangwal guda nake kwafa duk lokacin da zan fara. Umarnin django-admin startproject ne ya gina shi, na ƙara requirements.txt mai lambar kowane ƙunshi, don abin da ya tashi a kwamfutata ya tashi a ta malam ranar difens. Kalmomin sirri suna cikin .env, .gitignore kuma ya hana su hawa GitHub, domin wallahi akwai masu laluben irin waɗannan makullan. Rumbun bayanai kuwa SQLite ya isa, ko data ta ƙare aiki na tafiya.