Filin Wasa: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Mun yi gardama a kwanakin baya a kan wannan magana: in hukuma ta ɗebi kuɗin baitulmali ta gina babban filin wasa a gari kamar Haɗeja, ko garin zai ƙaru da arziki? Ga abin da muka gani.

Masu goyon baya sun ce ran wasa baƙi za su cika gari, masu abinci da 'yan tireda da direbobi su sami ciniki. Gaskiya ne, amma ran wasa kaɗai ke nan. Galibin 'yan kallo kuwa 'yan gari ne, kuɗin da suka biya a ƙofa shi ne dā za su kashe a kasuwa. Watau kuɗi ya sake hannu ne kawai, bai ƙaru ba. Haka masana tattalin arziki na Amurka, Roger Noll da Andrew Zimbalist, suka nuna cikin littafin da suka shirya a 1997.

Sa'an nan gini ba shi ne ƙarshen ɗawainiya ba. Akwai ban ruwan ciyawa, da fitilu, da albashin masu gadi, ko ana wasa ko ba a yi. An gina babban filin Abuja don wasannin Afirka na 2003, daga baya ciyawarsa ta lalace, har Aliko Dangote ya ɗauki nauyin gyara. Birnin Montreal na Kanada kuwa ya yi wasannin Olamfik a 1976, bai gama biyan bashin filinsa ba sai 2006.

To, mu dubi gida. Arzikin Haɗeja yana cikin fadama: shinkafa, da alkama, da tattasai, da kifi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sake, kacalla ta toshe hanyoyinsa, ambaliyar 2022 kuma ta cinye gonaki da gidaje. Ko wace naira aka zuba a siminti na 'yan kallo, an hana ta ga jinga da yashe kogi.

Ba mu ce a bar wasa ba, gama yana ƙara lafiya da zumunci. Amma a yi fili daidai ƙarfinmu, a kira shi abin jin daɗin jama'a, kada a kira shi jari. Mu da za mu koyar da yara, wajibi ne mu koya musu wannan lissafi. Allah ya sa mu dace.