Ɗan Zango a New York: Alƙalami Tsakanin Gida Biyu

Da wuya a sami gida a Nima ko Maamobi wanda ba shi da ɗa ko jika a ƙetare, musamman a unguwar Bronx ta birnin New York. Kuɗi na zuwa, waya na shigowa, amma iyaye da yawa na kwana da tambaya guda: yaron da ya tafi, ko wanda aka haifa can, zai ci gaba da zama namu kuwa? Rayuwar wani marubuci ɗan Zango tana da abin da za ta ce game da wannan.

An haifi Mohammed Naseehu Ali a Kumasi a 1971, a gidan sarautar Hausawan Zango. A 1988 ya tafi Amurka karatu, ya shiga makarantar fasaha ta Interlochen a jihar Michigan, daga nan ya wuce kwalejin Bennington a jihar Vermont. Bayan rubutu, makaɗi ne. A 2005 mujallar The New Yorker, wadda marubutan duniya ke burin shiga cikinta, ta buga labarinsa mai suna "Mallam Sile". A shekarar kuma littafinsa na gajerun labarai, The Prophet of Zongo Street, ya fito. Sunan littafin na nuni ne da wani mutum cikin labaran, wanda yawan karance-karance ya juya masa tunani har ya fito titi yana wa'azi.

Wane ne Malam Sile? Mai shayi ne, gajere, mai haƙuri, wanda 'yan unguwa suka raina, suna cin bashinsa ba sa biya, har ya auri Abiba, mace marar tsoro, wadda ta ƙwato masa haƙƙinsa daga wani gagararren matashi. Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi a Nima da asuba ya san irin wannan bawan Allah. Abin da muke wucewa kullum ba mu dube shi ba, shi ne marubucin ya ɗauka ya kai gaban masu karatu na duniya. Littafin ma da tatsuniyar wata tsohuwa mai suna Uwargida ya fara, yara sun kewaye ta da dare. Wasu labaran kuwa a Amurka suke, kamar na matar da ta bar 'ya'yanta a gida ta tafi jinyar wata tsohuwar Ba'amurkiya.

Ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba. Jhumpa Lahiri, wadda iyayenta 'yan Bengal ne na Indiya, an haife ta a Landan a 1967, ta girma a Amurka. A gida yaren Bengali ake yi, a makaranta Ingilishi. Ta ci kyautar Pulitzer a 2000, kuma littafinta The Namesake na 2003 labarin wani yaro ne da ya ji kunyar sunan da iyayensa suka raɗa masa har ya canza shi, sai daga baya ya gane darajarsa. Iyaye nawa a cikinmu suka ji jikansu ya taƙaita sunansa na yanka don kada abokai su yi masa dariya?

Sai dai akwai magana biyu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ta farko, marubuci ba maroƙi ba ne. A 2024 The New Yorker ta sake buga labarin Ali mai suna "Allah Have Mercy", wanda ya taɓo dukan yara da sunan tarbiyya. Wani zai ce tonon asiri ne, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta biyu, da Ingilishi yake rubutu, don haka tsofaffin da suka ba shi labari ba za su iya karantawa ba. Alhali a ƙasar nan Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, ya yi rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami. Wa zai ɗauki wannan alƙalamin a yau?

Darasin a fili yake. Yaron da ya bar Kumasi yana ɗan shekara 16 ko 17 ya tafi da guzurin da ya ishe shi rubutu shekara da shekaru, domin an cika masa kunne da Hausa da tatsuniya da hirar zaure tun yana ƙarami. Abin da ba a zuba a tulu ba, ba za a tsiyaye shi ba. Saboda haka idan jika ya kira daga Bronx, a amsa masa da Hausa ko da zai mayar da Ingilishi. A gaya masa ma'anar sunansa da garin da kakansa ya fito. Idan kuma yaro ya nuna sha'awar rubutu, a saya masa littafi da biro, kada a ce aikin banza ne.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare su a duk inda suke. Amin.