Duse Muhammad Ali: Baƙon Da Jaridarsa Ta Tashi Daga Ikko Ta Sauka Kano

A watan Yuni na 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa na Ebute Meta suka ajiye kayan aiki a ƙarƙashin Michael Imoudu, sauran ma'aikata suka mara musu baya, aka yi yajin aikin nan da ya wuce kwana 40. Ana cikin haka, ran 25 ga wata, wani dattijo baƙo ya rasu a Ikko, aka kai shi maƙabartar Musulmi ta Okesuna. Sunansa Duse Muhammad Ali. Yau da wuya a sami mai tunawa da shi cikin 'yan Arewa mazauna Ebute Meta ko Agege, alhali kuwa jaridar da ya kafa ta yi wa talakan Kano aiki ba kaɗan ba.

Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, an haife shi a Iskandariyya ta ƙasar Masar a 1866, ubansa hafsan soja ne, uwarsa kuwa mutuniyar Sudan. Tun yana yaro aka kai shi Ingila karatu. Can ya yi shekaru yana wasan kwaikwayo kafin ya rungumi alƙalami. A 1911 ya fitar da littafinsa, In the Land of the Pharaohs, inda ya soki mulkin Ingilishi a Masar. Littafin ya yi suna, ko da yake an zarge shi da kwaso wasu sassa daga rubutun waɗansu.

A 1912 ya kafa mujallar African Times and Orient Review a London, don baƙar fata da mutanen Asiya su sami bakin magana. Ofishinsa ya zama kamar makaranta ga samarin ƙasashen da Turawa ke mulka. Cikinsu har da Marcus Garvey, mutumin Jamaika, wanda daga baya ya girgiza Amurka da kiran baƙar fata su haɗa kai. Shi ma Duse ya tafi Amurka a 1921, ya gwada ciniki tsakaninta da Afirka ta Yamma, abin bai yi albarka ba.

Ya zauna Ikko daga 1931, yana da shekara kusan 65, lokacin da tsaransa ke neman wurin hutawa. Shi kuwa sai ya sake sabon lale. Ya yi aiki a jaridun garin, sa'an nan a 1933 ya kafa tasa ta mako-mako, The Comet. Girman da ya samu ya kai har shi aka ba shugabancin taron da aka kafa jam'iyyar NCNC a zauren Glover ran 26 ga Agusta 1944, inda Herbert Macaulay ya zama shugaba, Nnamdi Azikiwe kuma sakatare.

Da tsufa ya kama shi, jaridar ta koma hannun kamfanin Azikiwe, ta zama Daily Comet mai fita kullum. Makonni kaɗan bayan rasuwarsa, gwamnatin Turawa ta rufe ta na ɗan lokaci tare da West African Pilot saboda goyon bayan masu yajin aiki. A 1949 aka mai da ita Kano. Da aka kafa NEPU a 1950, ita ce jaridar da ke ɗaukar kukan 'yan jam'iyyar game da zaluncin En'e, kuma Magaji Dambatta, ɗaya daga waɗanda suka kafa NEPU, ya yi aiki a cikinta.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. To, ga raɓar da ta sauka a Ikko, ta jiƙa shuka har Kano. Duk wanda neman abinci ya kawo shi Kudu, ya kamata ya san labarin wannan dattijo. Allah ya jiƙansa.