GINDIN BANGON ƊAKIN AMARYA

'Yar uwa, in kin shiga ɗakin amarya ina idonki yake fara zuwa? Na sani, kan gado ne da labule da madubi. Ba mai duban gindin bango, alhali kuwa daga nan ɓarna take somawa.

Bara waccan na je jeren wata 'yar ƙanwar babata a Kazaure. Ango ya ce shi ba tayil ba leda, daɓen katako zai yi mata irin wanda ya gani a Abuja. Aka je Kano aka sayo, aka shimfiɗa ana saura kwana 2 a kai amarya, cikin tsakiyar hunturu. Mai fenti kuwa sai da dare ya yi sannan ya zo ya shafe sikatin, wato siririn katakon nan da ake zagaye gindin bango da shi. Da safe muka tura gado da durowa jikin ɗanyen fenti. Ga ɗigo a kan sabon daɓe, ga wari ya kama zannuwan gado. Wannan duk mai sauƙi ne. Ruwan Agusta na sauka sai tsakiyar ɗaki ta yi tozo, in ka taka har ƙara take. Baiwar Allah kunya ta hana ta barin ƙawaye su shiga ƙuryarta, har ta kai su ga sa-in-sa da maigidan kan wa ya jawo.

To ba aljanu ba ne, ba kuma sammu ba. Ke ma ai kin lura ƙofar katako takan cije da damina, da hunturu kuma ta saki. Haka daɓen katako yake. In aka shimfiɗa shi lokacin da iska ta bushe aka manna shi da bango, ranar da ya sha danshi ba shi da wurin miƙewa sai sama. Shi ya sa masu aikin na gaskiya suke barin tazarar kamar santimita 1 tsakaninsa da bango ta ko'ina. Aikin sikatin kenan, ya rufe wannan tazara. Don haka a jikin bango ake kafe shi, ba a buga ƙusarsa cikin daɓen.

Kakanninmu ba su san wannan damuwa ba. Mata ne ke taruwa da maɗaɓai, a yayyafa ruwan makuba na kwasfar ɗorawa, ana daɓe ana waƙa har ƙasa ta yi sulɓi. Da siminti da leda suka zo sai aka koma zagaye gindin bango da fentin mai, baƙi ko ja, don kada ruwan goge-goge da bakin tsintsiya su ɓata farin bango. Wallahi har gobe ban raina wannan dabara ba, ga arha ga ƙarko.

Amma in katakon ake so, a bi shi a sannu. Simintin ƙasa ya yi makonni yana bushewa, a shimfiɗa masa leda mai tare danshi, katakon kuma ya kwana 2 a cikin ɗakin kafin a fara. Shi sikatin a tsakar gida ake fente shi tun ba a kafa ba, gaba da baya, bayan an shafa masa maganin gara. Kada ki yarda a bar bayan nan haka, don ta nan gara ke hawa ba wanda ya gani, sai ta isa ƙafar durowar da Baba ya sayar da amfanin gonarsa ya saya miki. Bayan an kafa, ramin ƙusa kawai za a cike a ɗan taɓa da buroshi, a liƙa takarda a kan daɓen tukuna. Sai a buɗe taga fenti ya sha iska kafin kaya su shigo.

Na san za ki ce, "Anti, ni da bakin yi wa kafinta magana?" Ba ke za ki yi ba. In angon ya zo zance ki sako maganar cikin raha, ko ki raɗa wa Gwaggo, ita ba ta jin nauyin kowa.

Ita 'yar uwar tawa sai da aka fitar da kayanta kaf tsakar gida, aka ɓamɓare sikatin, aka rage bakin katakon da zarto. Yanzu ko bokiti ba ta shiga da shi ɗakin, tsumma mai ɗan danshi take gogawa.