Waswasi: ciwon da ke mai da ɗan kasuwa wurin kwaɗonsa sau goma

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san irin wannan mutum. Magariba ta yi, ya rufe butik, ya sa kwaɗo, ya ja ya ji ya kama. Ya hau kabu-kabu ya nufi gida, sai zuciya ta ce masa: anya ka rufe kuwa? Ya sa a juyo da shi, ya tarar da kwaɗo a rufe. Gobe haka, jibi haka, har kuɗin kabu-kabu ya fara cin ribar yini. Maƙwabta na dariya, wai son dukiya ne ya yi wa Alhaji yawa. Cikin mata ma akwai mai ƙirga jika biyar sau bakwai kafin ta ɗaure a bakin zane, akwai mai tuwo da ke wanke hannu har fata ta tsage.

Waɗannan ana ganinsu. Wanda ba a gani shi ya fi zafi. Mace na yanka albasa, jaririnta na kwance kusa, sai hoton ta soka masa wuƙar ya faɗo mata a rai. Mutum na tsakiyar salla, sai wata mummunar kalma game da Ubangiji ta ratsa zuciyarsa. Ba su so, ba su nema ba, kuma ba wanda za su iya gaya wa, don tsoron a ce sun haukace ko sun kafirta. Wasu sukan shekara goma suna ɗauke da abin su kaɗai.

Likitoci sun san wannan ciwo, a Faransanci suna kiransa TOC a taƙaice, mu kuma waswasi muka sani. Yana kama kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, yawanci tun ana saurayi ko budurwa, wasu matan kuma lokacin ciki ko bayan haihuwa yake taso musu. Ana kiransa ciwo ne idan ya kai yana cinye wa mutum fiye da awa guda a yini, ko yana hana shi sana'a da zaman gida.

Abin da ya kamata mai fama da shi ya fara sani shi ne, mugun tunani na faɗo wa kusan kowa. A 1978 wasu masana biyu a Ingila, Rachman da de Silva, sun tambayi mutane masu lafiya ƙalau, suka tarar mafi yawansu irin wannan tunani na zo musu. A 2014 an sake bincike a ƙasashe 13, aka samu fiye da 90 cikin 100. Bambancin kawai, mai lafiya yakan bar tunanin ya wuce kamar ƙuda, mai waswasi kuwa sai ya tsaya yana tambayar kansa: me ya sa na yi wannan tunani, ko dai ni mugu ne? Alhali tsoron da ya ji shi ne shaidar cewa abin ba halinsa ba ne. Uwar da ke ɓoye wuƙa don tsoron kanta ba ita ce mai cutar da ɗanta ba.

To me ke ciyar da ciwon? Amsa masa da ake yi. Mai butik in ya koma ya taɓa kwaɗo, hankalinsa kan kwanta na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa komawar ce ta cece shi, gobe ta nemi ya koma sau biyu. Ƴan kasuwa sun san mai cin bashin da ba ya biya: ka ba shi na dala ashirin don ya bar maka gaban tebur, gobe da na jika zai zo. Korar tunanin da ƙarfi ma ba ta fisshe ka. Wani masani a Amurka, Daniel Wegner, ya gwada haka a 1987: ya hana mutane tuna wata farar dabba, sai ga shi ita ce ta riƙa dawo musu. Mai karatu ya gwada da kansa, ya yi minti ɗaya kada ya tuna farin raƙumi.

Abin sha'awa, malamanmu na fiƙihu sun riga sun faɗi maganin. Wanda ya karanta Ahalari ya san hukuncin mai waswasi a salla: ba ya biye wa shakkarsa, ba ya kawo abin da yake kokwanto a kai, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa ba a kama mutum da abin da zuciya ta raya masa muddin bai faɗa ba, bai aikata ba. Saboda haka mai ƙarar da buta uku a alwala ɗaya, a ganina, ba tsantseni yake yi ba, wahala yake sha, kuma malamin da ya ce masa ya ƙara sakewa bai taimake shi ba.

Hanyar da likitoci suka fi amincewa da ita, wadda Victor Meyer ya fara a Landan a 1966, kusan haka take. Mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da hankali, amma ya ƙi yin abin da waswasin ke umurtarsa. A rufe kwaɗo sau ɗaya, a duba sau ɗaya, a tafi. Zuciya za ta buga, gumi zai karyo, kamar in ba a koma ba za a mutu. In aka daure, tsoron kan sauka da kansa, kuma kowace rana yana rage ƙarfi. Ana farawa da ƙaramin abu, ba da wanda ya fi tsoratarwa ba. In mugun tunani ya zo, ka ce a ranka waswasi ne ya zo, ka ci gaba da awon da kake yi, ba gardama da shi, ba neman tabbaci.

Nan ne iyali ke kuskure da kyakkyawar niyya. Miji ya tambayi matarsa sau ashirin ko ta ga ya rufe, ita kuma don tausayi ta amsa sau ashirin. Wannan amsa ita ma bashin nan ce. Gara su yi shawara tun da rana cewa sau ɗaya za ta amsa, ba da faɗa ba, ba da gori ba.

Akwai kuma magani na sha, irin su fluoxétine, sertraline da clomipramine. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki sati 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu sosai, kuma ba a barinsu kwatsam sai da shawarar likita. Mai ciki da mai shayarwa ta faɗa tun farko. A farmasi ake sayensu da takardar likita, ba wurin masu yawo da magani a tire ba. Tramol kuwa, da wasu ke sha don su manta, wani ciwon yake ƙarawa bisa na farko.

Ana iya farawa daga CSI na unguwa, su tura mutum gaba, a Yamai kuma akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa, wanda aka fi sani da Pavillon E. Sai dai a kula: wanda ke jin muryoyi na ba shi umurni, ko mai jego da ta rikice ba ta barci tana faɗin abin da ba shi, ko wanda baƙin ciki ya kai shi ga tunanin kashe kansa, wannan ba a jira da shi ranar da kasuwa ba ta ci. A kai shi likita ran nan.