Yadda Ake Mayar da Hayaƙin Kwal Taki

Ku sani kwal, wato gawayin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, da shi Turawa suka tayar da masana'antunsu, amma hayaƙinsa mugu ne. Akwai farar wuta a cikin kwal, wadda malaman ɗibbu ke kira kibiritu. In ta ƙone ta gamu da laimar sama, sai ta zama ruwa mai cin huhu da ganye da ƙarfe. A watan Disamba na 1952 hayaƙi ya lulluɓe Landan kwana biyar, aka rasa rayuka wajen 4,000 bisa ƙidayar farko.

To, ga wata dabara. Masana sun ce halin abu uku ne: sandararre, narkakke, da iska. In aka bugi iska da ƙarfin lantarki har ƙwayoyinta suka farfashe, sai ta shiga hali na huɗu, shi ake kira filasma. Walƙiyar damina irinsa ce.

A shekarun 1970 kamfanin Ebara na Japan ya fara gwada wannan a kan hayaƙi. Akan tace toka tukuna, a yayyafa wa hayaƙin ruwa ya huce, a zuba masa iskar amoniya, sa'an nan a harbe shi da ƙwayoyin lantarki. Nan take gubar kibiritu da ta naitirojin su juye ruwan tsami, amoniya ta kama su, su faɗo gari. Garin nan kuwa, abin mamaki, takin zamani ne, irin wanda manomi ke saye da kuɗinsa.

An kafa injin haka a Chengdu ta ƙasar Sin a 1997. Daga baya aka kafa wani a tashar lantarki ta Pomorzany a Folan, inda ya cire kusan 90 cikin 100 na gubar kibiritu, da wajen 70 na ɗayar.

Na san ɗan kasuwa zai ce, nawa ne kuɗinsa? Nan gizo ke saƙa. Injin tsada gare shi, yana kuma shan kaso daga wutar da tashar ke samarwa, ga tagar ƙarfe siririya da ƙwayoyin ke ratsawa tana saurin lalacewa. Shi ya sa yawancin tashoshi suka gwammace wanke hayaƙinsu da ruwan farar ƙasa, ko da yake wannan kibiritu yake kamawa, gubar naitirojin sai an nemo mata wani injin dabam.